Baƙin Sa na Farin Dutse

Tun da safe Ruqayya take neman taɓaryarta. Sai da hantsi ta same ta jingine a zaure, ta yi tsaki, ta ɗora laifin a kan yaran maƙwabta.

A ranar ce mijinta Fa'izu ya shigo dafe da ƙirji, ya ce baƙin sansu na huɗa ne ya harbe shi. Abin ya ba ta mamaki, don san nan ko kaza ba ya kora daga kan dusarsa. Ba jini, ba karaya, sai wani tabo zagayayye kamar gindin kofi.

Fa'izu dama ba mai raki ba ne. A makon ma ya shiga 'yan sintirin Farin Dutse masu bin sawun ɓarayin shanu, kuma tun ranar mahaifinsa, Baba Badaru, yake ɗura masa jiƙe-jiƙe.

"Baba, a kai shi asibiti mana," in ji Ruqayya.

"Ba abin da zai same shi," tsohon ya ce. "Na san abin da na ba shi."

Kwana biyu Fa'izu yana cijewa, har gona ya leƙa. A na uku numfashi ya fara gagararsa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Aka nemo mota sai Birnin Kudu.

Likita ya ce bugun ya taɓa zuciyar, jini ya taru ya matse ta, kuma an makara. Ya daɗe yana duban tabon. Sau biyu yana tambaya ko lalle kofato ne, sau biyu Fa'izu yana gyaɗa kai. Kafin la'asar ya cika.

Ruqayya ta tsani san nan kamar ta mutu. Tana zaman takaba, shi yana turke yana tuƙa hankali kwance. Ran sadakar bakwai ta kasa daurewa, ta suri taɓarya ta nufe shi.

Baba Badaru ne ya riƙe ta daga baya. Hawaye na bin gemunsa.

"Ajiye ta, 'yar nan, dabba ba ta da laifi," ya ce. "Maganin tauri muke gwadawa a zaure. Na buga masa taɓaryar nan a ƙirji sau ɗaya, ya yi dariya ya ce bai ji komai ba, shi ne na ƙara."