Dutsen da Aka Kai Asibiti

Kai mai gaggawa, zauna ka ji wannan. Wani mahaƙin duwatsu ne a ƙasar Nasarawa, shi da maƙwabcinsa suka ƙare rani cur cikin rami ɗaya, suna bin jijiyar farin dutse da diga. Sai da hadari ya fara haɗuwa, ruwa na shirin cike ramin, sannan Allah ya ba su tomalin guda biyu, suka raba ɗai-ɗai. Tomalin dutse ne mai daraja da ake yi wa zobe da sarƙa ado, amma mai haske ake so, nasu kuwa duhu gare su kamar zoɓon da ya sha dahuwa. Abin da rani ya bar musu ke nan, kuma da shi iyali za su ci har kaka. To, sananne ne a wajen mahaƙa cewa wuta tana wanke duhun wani tomalin. Maƙwabcin, da yake irin mutanen nan ne masu son cin tuwo tun yana tukunya, ya jefa nasa cikin garwashin mai shayi ya hau fifita. Ba a jima ba aka ji ƙas! Dutse ya tarwatse, aka koma tsintar ɓarɓashi a toka.

Mutuminmu ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa. Ya ƙulle nasa a ƙyalle, ya ce sai an fara gaya masa abin da ke cikin dutsen kafin ya nuna masa wuta. Abokai suka yi masa caa, wai zai kai dutse asibiti, a gaishe musu da likita. Shi kuwa ya hau mota zuwa birni, ya sami wata ma'aikaciya a ɗakin gwajin duwatsu. Ta sa dutsen a na'ura ta ratsa shi da haske, layuka suka fito a allo suna hawa suna sauka, domin kowane sinadari da ke cikin dutse yakan haɗiye nasa rabon hasken ya bar alama. Ta sake leƙa shi ta madubin ƙara girma, ta ɗago tana murmushi.

"Baba, albishirinka."

"Goro, 'yata."

"Akwai jan ƙarfe a cikinsa, shi ke ba da shuɗin da ake nema. Wani sinadarin ne ya lulluɓe shi da duhu, zafi zai kore shi. Sai dai akwai ɗigon ruwa a kulle can ciki. In aka gaggauta, zai tafasa ya fasa dutsen."

Aka binne dutsen cikin yashi mai laushi, aka sa a tanderu, ana ƙara zafi kaɗan-kaɗan kamar mai lallashin jariri. Da zafin ya kai, ta hana a buɗe sai ya huce don kansa. Bawan Allah ya kafe a benci, ko cokali ya faɗi sai gabansa ya faɗi. Da aka tone yashin, sai ga shuɗi garau, tamkar sama bayan an ɗauke ruwa. Tsohon nan ya cire hula, ya sa, ya sake cirewa, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Murna ta hana shi hamdala a zaune, sai da ya taka rawa a gaban na'ura. Ya sayar da dutsen da tsada, ya koma gida da hatsin iyalinsa, bai manta da buhun maƙwabci ba, tunda tare suka sha ƙurar ramin. Masu tsokana kuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, suna tambayar hanyar asibitin.

Ka ga gaskiyar Bahaushe da ya ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.