Marurun Ɗaki na Uku

Sau uku ana miƙa wa lauya Maître Fulbert kujera, sau uku yana ɗaga hannu ya ce a bar ta. A tsaye ya fara bayani, cikin kwat da nekitai a zafin garin Garwa na watan Maris, ma'aikatan ƙaramin asibitin kuwa suna jere a benci suna fifita da katin marasa lafiya. Likita Sulaimanu, mai asibitin, shi ya shirya zaman na ranar Laraba, don lauyan ya koya musu laifuffukan da ke kai ma'aikacin lafiya gidan yari.

Sidonie, nas 'yar Mokolo, lemon da aka ce za a raba ne ya kawo ta. Da ana maganar takardar rashin lafiya ta ƙarya, hamma take yi. Maganar ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari ma ba ta dame ta ba, don hannunta na da kyau, kowa ya shaida. Bakinta ne dai ba shi da marfi.

Sai lauya ya iso kan sirrin majiyyaci. Wata uku zuwa shekara uku a kurkuku, in ji shi, ga kora daga aiki. Ko ba a ambaci suna ba, in an faɗi alamar da za a gane mutum da ita, laifi ya tabbata.

"Bari in ba ku misali," ya ce. "Wani dattijon kirki ya zo da maruru a ɗuwawu."

Hamma ta maƙale wa Sidonie a maƙogwaro.

Ran Asabar da ta wuce, Likita Sulaimanu ya shigo da wani ta ƙofar baya, ya kwantar da shi rub da ciki a ɗaki na uku, ya yafa masa tawul a ka, sannan ya kira ta. Katin ba suna. Fuskar mutumin ba ta gani ba, amma sauran ta gani sosai: maruru kamar ƙwan zabuwa, ga wani tabo a gefensa mai siffar taswirar Kamaru. Da ta tsaga, ƙaton nan ya rushe da kuka yana kiran uwarsa. Ta matse, ta wanke, ta ɗaure, ta faɗa wa ɗuwawun ranar da zai dawo, ta yi waje tana danne dariya.

Kafin Lahadi ta ƙare, masu kitso sun ji, masu kifin bakin gada sun ji, mai babur ɗin da ya kai ta coci ma sai da ya tsaya gefen hanya don dariya.

Ga shi yanzu lauya yana jero labarin dalla-dalla, har da taswirar, har da kiran uwa. Ya ƙara da cewa nas ɗin tana rera waƙar coci sa'ad da take matsawa, kuma hannunta na warin soyayyen kifi. Wannan kam ba ta faɗa wa kowa ba. Ta harari Hindu, abokiyar aikinta, wadda ta saba laɓewa bayan labule. Hindu ta harare ta ita ma. Likita Sulaimanu kuwa ya ƙura wa fankar sama ido kamar yau aka ɗaura ta.

Tsoro ya kama Sidonie na gaske. Shekara goma sha ɗaya tana aikin nan, da shi take riƙe da 'ya'ya biyu da tsohuwarta da ke can kan duwatsun Mokolo. Ta hango kanta a kurkuku, ana nuna ta ana cewa ɗuwawun wani ne ya kawo ta.

Aka tashi, aka raba lemo, ta kasa sha. Tana shirin sulalewa sai ta ji muryar lauyan a bayanta.

"Madame Sidonie, ina son ganinki. Ke kaɗai."

Ta bi shi. A hankali yake tafiya, yana ɗan buɗe ƙafa, ta ce a ranta takun manyan lauyoyi ke nan. Bai tambayi kowa hanya ba har ɗaki na uku. Suna shiga ta durƙusa.

"Maître, ka yi wa Allah ka roƙar mini mutumin nan. Kada ya kai ni kotu."

"Ba zai kai ki ba," in ji shi. "In ya kai ki, sai alƙali ya ce a nuna taswirar."

Ya murza makulli, ya rataye kwat ɗinsa a ƙusa, ya kwance bel, ya hau gadon a hankali ya kwanta rub da ciki.

"Ke kika ce in dawo Laraba a sauya bandeji, amma yau ban da waƙa."