Kwabo Mai Bugu Biyu

Yanar ido ta rufe wa wata tsohuwa mai wankau idon hagu, na dama kuma ya fara ganin abu bibbiyu. Likita ya ce a yi aiki kafin shi ma ya tafi. Ba ta da abin sayarwa sai gwangwanin madara cike da tsofaffin kuɗi da mijinta ya mutu ya bari.

Ta zazzage su a faifai tana shafawa. Akwai wani jan kwabo da ta ga rubutunsa ya hau kan juna, kowane baƙi da ɗan'uwansa a gefe kamar inuwa. Sauran ba haka suke ba.

Ta ɗauki gwangwanin ta kai wa mai sayen kayan da, a shagonsa da ke bayan tasha.

"Ɗan nan, duba min wannan. Kamar sau biyu aka rubuta shi."

Ya sa gilashin ƙara girma a ido, ya daɗe yana juya kwabon, har ya haɗiye yawu. Sai ya kwashe da dariya.

"Idonki ne, Mama. Ni ma nan ai mu biyu kike gani, ko?"

Ita ma ta yi dariya, baiwar Allah, har da ba shi haƙuri. Ya ɗora gwangwanin a sikeli ya biya ta kuɗin nauyin ƙarfen kawai. Abin da ya ba ta ko maganin ɗigawa a ido bai saya ba.

Ana nan, wata rana 'yarta ta faɗo ɗaki ko sallama babu, waya a hannu.

"Inna! Ba gwangwanin Baba ba ne wannan?"

Shi ne, har da tsumman da take toshe bakinsa da shi. Ga mai shagon a bidiyo, ya ɗaga jan kwabon yana washe baki, yana koya wa duniya: a gidan buga kuɗi aka yi kuskure, hatimin ƙarfen ya fito da rubutu biyu, irinsa ba shi da yawa, masu tara tsofaffin kuɗi rububinsa suke yi. Wai a duba lambobin shekara da bakin haruffa. Wai nasa har an saya, ya canja mota.

Tsohuwa ta ce, "Ashe da gaske na gani? Ashe ba idona ba ne?"

Suka tafi shagon, 'yar na riƙe da hannunta.

"Kai, ka dubi furfurata ka ce min idona ne?"

"Mama, ciniki ya faɗa. Da hannunki kika karɓa. Wa ya tilasta ki?"

"Na tambaye ka! Da bakina na tambaye ka!"

"To sai ki kawo shaida."

Maƙwabtansa suka taru suna ba ta haƙuri. Ita ake ba haƙuri, jama'a, ba shi ake kamawa ba! Har yau tana zarya ofishin 'yan kasuwa, kullum a ce ta dawo gobe. Idon daman kuwa bai jira gobe ba. Yanzu 'yarta ke kai ta banɗaki.

Ku da iyayenku suka bar wa tsofaffin kuɗi, in kun ga rubutu ya ninku ko hoto ya goce daga tsakiya, kada ku ce lalacewa ce, kada kuma ku tambayi mai saye shi kaɗai. Ku nuna wa wanda ba ya son saye. Kai kuma mai cin jahilcin tsofaffi, wallahi ba a yafe maka ba.