Baba Na Shirin Farautar Bana

Baba ya baje taswirar duwatsun jihar Wyoming ta Amurka a tebur, kamar kowace shekara tun da ciwon mantuwa ya kama shi.

"Lorna, ke ki tsare bakin rafi. Wendell ya hau tudu ya koro mana barewa. Wai ina ragon yayan naki?"

"Bai iso ba, Baba."

"Ki ce masa ya sa rigarsa mai ruwan goro. Maharban yanzu ba sa dubawa, harbi kawai."

Na ce to, na ƙara masa kofi.

Shekara tara ke nan da Wendell ya gangaro daga tudun nan, goye da ƙahonin barewa, ya cire rigar saboda zafi. Harbi ɗaya na ji. Hannun Baba kuwa ba ya kuskure.