Furar da Mairama ta dama

Allurar barci na kama Yari sai fura ta taso masa daga ciki, ta gangara huhu. Na zuƙe furar da na'ura iya ƙoƙarina, amma ya cika tun ba a fara tiyatar ba.

Na iske matarsa Mairama a baranda da ƙwarya a gefenta. Ta ba ni tausayi, na ɗauka rashin sani ne.

"Baiwar Allah, ban ce kar ya ci, kar ya sha ba?"

"Ka ce, likita. Ka ce mai barcin allura ba ya iya tari, abin cikinai huhu za shi. Ai sau biyu na tambaye ka."

Ta gyara mayafinta.

"Shi ya gwada ma 'yan bindiga gidan babana a Gangara. Sai da na lallashe shi ya shanye."