Bas Ɗin Yaya

"Zaɓi ɗaya," in ji mai haɗa kiɗan ga ƙanensa mawaƙin rap.

Ya kunna bas na farko, wato sautin nan mai kauri da ke ƙarƙashin kiɗa. "Wannan bas ɗin daga tsohon faifai na yanko shi, tsirkiyar jita ce ta gaske." Ya kunna na biyu, tagar situdiyon ta ɗauki rawa. "Wannan kuwa a kwamfuta na gina shi. Na aske masa kaifi, na bar nauyin kawai. Wanne za ka hau da waƙarka?"

"Ko ɗaya, Yaya. Duk kiɗan da kake haɗa min yanzu, bas ne ke danne min murya. Har tsokanata ake, wai daga rijiya nake waƙa. In sunana ne ya fara tsone maka ido, fito fili ka faɗa."

Yayan ya kashe kiɗan. Shekarun da ya kwashe da abin sauraro manne a kunne, yana gyara waƙoƙin ƙanen nan, sun cinye masa ji. Bas kaɗai ya rage masa, shi ma a ƙirji yake jinsa. Magana kuwa a leɓe yake karanta ta. Bai gaya wa kowa ba, don wa zai kawo wa kurma waƙa?

Ƙanen ya saɓa jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, kafaɗunsa na motsi, ya yi doguwar magana bai juyo ba. Har yau yayan bai san ko sallama ce ko zagi ba.