Yarinyar Cikin Waƙar Ba Ta Ce Uffan Ba

Ajin nazarin adabi ya watse, saura ita da saurayin da 'yan aji ke kira Sarkin Baiti. Yana ta nannaɗe takardar waƙar da malam ya sa shi karantawa ɗazu, wadda ita kuma ta yi wa kaca-kaca a gaban kowa.

"Kin san don ke na rubuta," in ji shi, idonsa a kan allo. "Ba maki nake nema ba. Aurenki nake so."

Ta sani mana. Tun a baitin farko ta gane gilashinta da tabon haɓarta. Abin da ya ɓata mata rai daban ne.

"Na ga idona a ciki, na ga tafiyata," ta ce. "Amma har waƙar ta ƙare yarinyar ba ta ce uffan ba. Ka gina mata gida, ka raɗa wa 'ya'yanta suna, ba ka tambaye ta ko tana son gama karatu ba."

Ya zaro biro daga aljihunsa. Ta rataya jaka ta nufi ƙofa, tana jan ƙafa fiye da yadda ta yi niyya.

"To, me take so?"

Ta tsaya. Sai ta dawo ta jawo kujera gabansa, ta zare biron da ke hannunsa ta ajiye gefe.

"Wannan ba na rubutawa ba ne. Saurara."